Yadda Za Ka Tsare Zomayenka Daga Fulawa da Ganye Masu Guba

A shekarata ta biyu da fara kiwon zomo a gidanmu da ke Yelwa, nan Bauchi, na wayi gari na tarar da zomanya guda da 'ya'yanta uku a sheme cikin keji, alhali da magariba lafiyarsu ƙalau na bar su. Na zargi maciji, na zargi dusar da na sayo, har na fara kallon maƙwabta. Sai da hantsi ya dubi ludayi na ga guntayen wani ganye mai tsini a kwanon abincinsu. Ashe ɗan yayana ne ya ga an datse shingen fulawar ƙofar gida, ganye kore shar za a zubar, sai ya kwaso ya ba su, a ganinsa ya rage mini aiki. Oliyanda ce. Tun daga ranar na koma kallon kowace shuka a tsakar gida da idon mai kiwo.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe kafin mu shiga aiki. Na ɗaya, zomo ba ya amai. Halittar cikinsa ce haka, abin da ya haɗiye sai dai ya fita ta baya, bayan jiki ya gama tsotse gubar. Na biyu, zancen da ake yi cewa dabba ta san abin da zai kashe ta, a kan zomon daji ne yake da ɗan gaskiya, don shi yana da daji guda da zai zaɓa. Wanda aka haifa a keji, yunwa na cinsa, duk koren da ka miƙa masa ci zai yi.

Kayan da za ka tanada

Ragar waya mai idanu inci 1, ko rabin inci in akwai ƙananan 'ya'ya. Turaku na busasshen itace ko na ƙarfe, ƙusa, wayar ɗauri da filaya. Diga ko shebur, adda da lauje. Safar hannu ta roba, saboda ruwan wasu tsirran yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa sai asibiti. Buhu biyu masu launi daban, ɗaya na abinci, ɗaya na shara, kada su taɓa musayar aiki. Tsohuwar tabarma ta shanya ganye. Sirinji mai cin mili 5 wanda aka cire wa allura, gawayin magani irin wanda ake sayarwa a kyamis, da ƙullin gishiri da sikari na masu gudawa. Sai waya mai kyamara, da lambar likitan dabbobi a cikinta tun yau, ba ranar da zomo ke shure-shure ba.

Mataki na 1: Zagaya gida, ka san sunan kowace shuka

Ɗauki waya ka bi gidan kusurwa-kusurwa, har bayan bayi, bakin rariya da jikin katanga ta waje. Duk abin da ba ka san sunansa ba, ka ɗau hotonsa, ganye da fure da 'ya'ya, ka nuna wa tsohon makiyayi ko malamin gona. Fulani masu shanu sun fi mai sayar da fulawa sanin abin da ke kashe dabba, shi mai fulawa kyau yake sayarwa.

A cikin fulawoyin ado, huɗu ne suka fi cika gidajen Bauchi. Oliyanda, mai dogon siririn ganye mai kauri da fure ja-ja ko fari, wadda ake jerawa a bakin ofisoshi da makarantu. Akwai 'yar'uwarta mai fure rawaya kamar ƙararrawa, ganyenta sirara masu sheƙi, in ka karya reshe farin ruwa ya fito. Sai kariya, mai kumburarren gindi da fure ja mai kyau, wadda ke fitowa da kanta a jikin duwatsunmu, yanzu kuma ake dasawa a tukwane. Mafarautan zamanin da suna haɗa dafin kibiya da ita, wannan kaɗai ya ishe ka bayani. Waɗannan ukun zuciya suke kamawa, kuma ba sa ɓata lokaci. Ta huɗu ita ce lantana, mai kaushin ganye da tarin ƙananan furanni masu launi biyu ko uku a dunƙule ɗaya. Ita hanta take ci a hankali, sai bayan kwanaki ka ga zomo ya daina ci, idonsa da cikin kunnensa sun yi rawaya. Ka haɗa da tsirran tukunya na falo masu faɗin ganye da ɗigon fari ko ja, dangin gwaza, waɗanda ke kumbura baki da maƙogwaro.

Na gargajiya kuwa kowa ya san su, mantawa kawai ake yi: tumfafiya, zurma, bini-da-zugu, zaƙami, idon zakara, gatarin kurege, albasar kwaɗi, tinya da aguwa. Zurma da bini-da-zugu da idon zakara, gubarsu ta fi ƙarfi a cikin 'ya'ya, kuma 'ya'yan suna faɗowa ƙasa inda zomo ke kiwo.

Ga wata ƙa'ida da ta daɗe tana cetona: duk shukar da ka karya ta zubo da farin ruwa kamar nono, da duk mai albasa a gindi, ka ɗauke ta mai guba har sai wanda ya sani ya ce maka a'a. Ƙa'idar tana da togaciya, gwanda da latas suna da farin ruwa kuma zomo na cin ganyensu lafiya, amma gara ka hana shi abinci mai kyau bisa kuskure da ka ba shi marar kyau.

Za ka haɗu da mai ce maka, "Ai nawa sun ci zaƙami ba abin da ya same su." Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Wasu zomaye ana haifarsu da wani sinadari a jini mai karya gubar zaƙami, wasu ba su da shi, kuma ba a ganewa da ido. Haka in ya ce akuyarsa na taɓa tumfafiya tana nan da ranta. Akuya tana da tumbi da jikin da ya ninka na zomo sau da yawa, zomon gida kuwa kilo 2 ne ko ɗan sama da haka. Ganyen da akuya za ta ci ta yi atishawa, shi kabarinsa ne.

Mataki na 2: Tumɓuke abin da za ka iya, ka ɗaga sauran

Sa safar hannu ka tono masu gubar da saiwarsu. Sara daga sama ɓata lokaci ne, tumfafiya da lantana tohowa suke yi, kuma sabon toho mai laushi shi zomo ya fi so. Zuba a buhun shara ka fitar daga gidan gaba ɗaya, ka binne a rami. Kada ka jefa a bola inda awakin unguwa ke kiwo, kada kuma ka ƙona oliyanda ko ka yi girki da itacenta, hayaƙinta ma cuta ne ga mutum. Bayan ka gama, share wurin tas, domin busasshen ganyen oliyanda da kariya gubarsa na nan daram.

In gidan haya kake, ko kuwa fulawar ta Hajiya ce kuma taɓa ta zai jawo magana, kada ka yi rigima. Ta tukunya a mayar da ita zaure ko ƙofar gida ta waje. Ɗora ta a kan bulo biyu ba ya hana komai, zomo yana miƙewa a kan ƙafafun baya, furen kuma yana kaɗowa ƙasa. Wadda ke shuke a ƙasa sai a kewaye ta da raga. In aka nemi abin da za a dasa a madadi, akwai wardi, akwai fulawar nan dangin yakuwa da rama mai babban jan fure, akwai zogale. Ko zomo ya ci su, asarar fure kawai aka yi.

Mataki na 3: Shinge da mazaunin keji

In kana sakin zomaye su sha iska da yamma, ka kewaye musu fili nasu, ya fi sauƙi da ka ce za ka kewaye kowace shuka. Kafa turaku, tazarar taku biyu tsakaninsu. Ragar ta tashi ƙafa 3 daga ƙasa. Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi shi ne ya tsayar da ragar daidai fuskar ƙasa, ya manta zomo maginin rami ne. Haƙa kwari mai zurfin ƙafa 1, ka saukar da ragar ciki, ka lanƙwasa bakinta na ƙasa ya kwanta ta ɓangaren da zomayen suke, sa'annan ka mayar da ƙasa ka daddanne. In ya haƙa sai ya ci karo da waya ya haƙura.

In kuɗin raga bai samu ba, jera bulo sahu huɗu a kan daɓen siminti ya wadatar. Zana da kara ba sa riƙe zomo, cinye su yake yi. Kuma kada ka yanko ɗanyen aguwa ko bini-da-zugu ka kafa a matsayin turke kamar yadda ake dangar gona, ka kawo masa guba har ɗaki ke nan.

Keji kuma ya yi nesa da kowace shuka aƙalla taku biyu, don suna zaro ganye ta idon raga. Dubi sama ma. Lokacin hunturu iska na kwaso busassun ganye daga gidan maƙwabci ta zuba a kan keji, saboda haka a yi masa rufin kwano ko na katako, a kuma share gewayensa kullum da safe.

Mataki na 4: Buhun ciyawa

A nan nake so ka fi natsuwa, domin a cikin zomayen da na ga guba ta kashe, nawa da na abokan kiwo, kaɗan ne suka je suka sami shukar da ƙafarsu. Yawancinsu a buhu aka kawo musu.

Fara da inda ake yankowa. Da damina ta sauka, daga Yuni zuwa Agusta, kusan kowace gona a kewayen gari an yi mata feshi. Maganin ciyawa iri biyu ne a wajen manoma. Mai ƙona ganye yana nunawa cikin kwana ɗaya ko biyu, za ka ga ciyawa ta yi ja ka kauce. Mai kashewa har saiwa kuwa yakan ɗau kusan mako kafin ya nuna, ciyawar tana nan kore kamar ba a taɓa ta ba. Don haka kore ba shaida ba ce. Tambayi mai gonar. In ba ka gan shi ba, ko ka ga robar magani a yashe a kunya, wuce. Ni ba na yanka a gonar da aka fesa sai bayan mako uku, kuma sai ruwa ya sauka a kai sau da yawa. Bakin kwalta, bakin kwata da kusa da gareji ma ka bar su.

Yanka bayan raɓa ta bushe. Kana isowa gida kada ka juye buhun a keji. Zazzage shi a kan tabarma a inuwa, ka baza, ka bi da hannu kamar mai tsintar shinkafa. Lauje ba ya zaɓe, yakan haɗo ƙaramar tumfafiya ko tsiron zurma a tsakiyar kyasuwa. Duk ganyen da ba ka iya kiran sunansa, buhun shara. Bar sauran ya sha iska awa uku ko huɗu ya yi yaushi kafin ka ba su. Kada ka bar ɗanyar ciyawa ta kwana a ƙulle cikin buhu, zafi take ɗauka ta fara ruɓa, ta kumbura musu ciki.

Akwai gubar da rana ke ragewa, akwai wadda ba ruwanta da rana, kuma rashin bambance su ya kashe zomaye da yawa. Gyauron dawa, da dawar da fari ya tsumburar tana ƙarama, suna ɗauke da gubar da makiyaya suka sani tana kayar da saniya nan take. Irinta ce a ɗanyen ganyen rogo da ɓawonsa, musamman rogo mai ɗaci. Wannan tana raguwa sosai in an shanya ya bushe ƙayau, amma duk da haka ni ba na ba sabon mai kiwo shawarar rogo. Ta oliyanda, kariya, zurma da tumfafiya kuwa ko shekara suka yi a rana tana nan.

Masu zuwa kasuwar Muda Lawal kwasar ragowar kabeji, latas da ganyen karas, abinci ne mai kyau kuma kusan kyauta, sai dai a cakuɗe yake zuwa. Tsince lawashi, ɓawon albasa da tafarnuwa, don suna lalata jinin zomo a hankali. Tsince ganyen tumatir, ganyen dankalin turawa da duk dankalin da ya yi kore ko ya tsira. Fiya kuwa, ganyenta da ɓawonta da namanta, kada ta kusanci keji. Wanke sauran da ruwa mai yawa saboda feshin 'yan lambu, ka bar shi ya tsane. Kabeji kaɗan ake ba su, yana sa iska a ciki.

Abin da ya kamata ya zama tuwonsu na kullum shi ne busasshe: harawar gyaɗa, harawar wake da ingirici, kada keji ya rabu da su dare da rana. A kai sai a ɗora ɗanyen ganyen dankalin Hausa, zogale, ganyen ayaba, kyasuwa ko gamba mai laushi, da 'yar dusa. Sayi harawa da kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin tana araha, ka ɗora a rumfa inda ruwa ba ya taɓawa. Amfaninta biyu: zomon da cikinsa ke cike ba ya afka wa baƙon ganye da haɗama, kai ma in rani ya tsananta a Maris da Afrilu ba za ka rasa abin ba su ba har idonka ya faɗa kan fulawar da ake ba ruwa, wadda ita kaɗai ce kore a unguwa. Harawa ko dusar da ta yi fumfuna a zubar, zomo ba ya jure ta ko kaɗan.

Mataki na 5: Gabatar da sabon ganye

Ko ganye mai kyau ne, in ba su saba da shi ba, zai iya sa su zawo. Zaɓi babban zomo guda, ba mai ciki ba, ba mai shayarwa ba, ka ba shi kamar faɗin tafin hannu, iri ɗaya tak. Kwana biyu kana duba kashinsa. In yana nan ƙwaya-ƙwaya a bushe, ka ƙara, ka ba sauran. 'Ya'yan da aka yaye kwanan nan su ne na ƙarshe. Wannan gwaji na ganyen da aka riga aka san ana ci ne, ba hanyar gano mai guba ba ce.

Mataki na 6: Dokar gida

Mutum ɗaya ne ke ba zomaye abinci. Sa kwado a ƙofar keji. Yara kuwa hana su ba ya aiki, sai ka rataye musu ɗaurin harawa kusa da keji ka ce, "Duk mai son ba su, daga nan zai ɗiba." Mai share tsakar gida da mai datse fulawa su ma a gaya musu baki da baki.

Mataki na 7: In ka ga alamar ya ci

Alamomin su ne dalalar miyau har haɓa ta jiƙe, ƙin abinci, tsugunawa wuri ɗaya yana cizon haƙora, zawo, kumburin ciki, makyarkyata, tangaɗi, numfashi sama-sama ko shure-shure. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba yana cikin haɗari, ko mene ne sanadi.

Kwashe duk abincin da ke kejin, na sauran zomayen ma in buhu ɗaya suka ci, ka adana shi a leda, kada ka zubar. Goge masa baki da jiƙaƙƙen tsumma, ka zaro guntun ganye in akwai. Kira likita nan take, ka gaya masa sunan shukar, yawan abin da ya ci da lokacin, ko da zomon bai nuna komai ba tukuna, don zurma da lantana sukan yi jinkiri kafin su bayyana.

In likita zai yi nisa kuma zomon yana iya riƙe kansa yana haɗiya, daka gawayin magani kimanin giram 1 ga kowane kilo na nauyinsa, ka duba jikin kwalin don sanin nauyin ƙwaya guda, ka dama da ruwa ya yi kamar koko. Naɗe zomon da tawul, ƙafafunsa a ƙasa, kada ka kwantar da shi rigingine. Zura bakin sirinji ta gefe, a giɓin da ke bayan haƙoran gaba, ka matsa rabin mili, ka jira ya haɗiye, ka sake. Gawayin murhu ba ya kama guba kamar na magani, kada ka dogara da shi. Bayan nan ka riƙa ba shi ruwan gishiri da sikari kaɗan-kaɗan, ka ajiye shi a kwali mai shimfiɗa, wuri mai duhu marar hayaniya. In kunnuwansa sun yi sanyi ka lulluɓe shi, in lokacin zafi ne ka bar iska ta ratsa. Wanda ya langaɓe ko yake shure-shure kada ka ɗura masa komai, huhu zai tafi.

Sai abin da mutanen gida za su kawo maka da kyakkyawar niyya. Manja, madara, ruwan tsamiya, ruwan gishiri don ya yi amai: ka ce an gode. Aman ba zai zo ba, shaƙewa kawai za ta ƙaru. Mafi haɗari shi ne kafson da ake ɓarewa a ba kaji. Amfisilin, amoksisilin, linkomaisin da danginsu, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, sai zawo ya ƙarasa wanda guba ta bari. In ya fara farfaɗowa, harawa da ruwa kawai, sai ɗan ganyen da ya saba da shi don ya ja ra'ayinsa ya ci.

Mataki na 8: In ya mutu, ko yana kan hanya

Na san abin da hannu ke yi in dabba ta fara shure-shure, wuƙa ake nema kada ta zama mushe. Zomon da ake zargin guba ko maganin feshi, ko an yanka kada a ci, kada kuma a jefa wa kare ko kyanwa. A binne shi da zurfi.

Kafin ka binne, ka tabbata gubar ce. In zomaye suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a keji daban-daban da ba abinci ɗaya suka ci ba, wasu da jini a hanci, ka yi zargin cutar zubar jini ta zomaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2020 ta share gidajen kiwo da dama. Wannan annoba ce mai yaɗuwa ta hannu, takalmi da buhu. Ware masu lafiya, ka daina karɓar baƙi a wajen keji, kada ka sayar ko ka ba da aron namiji. Sa gawa guda a leda biyu tare da ƙanƙara, ka haɗa da ledar ragowar abincin da ka adana, ka kai asibitin dabbobi a ranar. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, kusa da Jos.